Aikin da Munzali Ya Bari

Ranar Laraba da sassafe Juwairiyya ta hau motar Gwaram a tashar Birnin Kudu, jakar laftof a kan cinyarta, ta takure tsakanin wata dattijuwa mai kwandon mangwaro da ƙofar da gilashinta ba ya sauka. Wata takwas ke nan tana aiki a wani ɗan kamfanin gyaran kwamfuta da ke bayan kasuwa, kuma ba ta taɓa fita aiki ita kaɗai ba. Mai kamfanin yana Kano wajen jinyar mahaifinsa, abokin aikinta ya tafi ɗaurin aure, sai ya zama ita ce a ofis lokacin da aka bugo waya daga Gwaram.

Abin da aka faɗa mata ba shi da yawa. Ƙungiyar ci gaban gari ta gina cibiyar jarrabawa ta kwamfuta mai kujera ɗari da ashirin, don yaran Gwaram da Sara da Fagam su daina tafiya wani gari suna kwana a gidan da ba su sani ba saboda jarrabawar shiga jami'a. Bara an yi lafiya lau. Bana kuwa sau biyu ana gwaji, da zarar masu shiga sun wuce talatin sai komai ya yi nauyi, yaro ya danna amsa ya zauna yana jiran tambaya ta gaba. Yau bayan La'asar jami'in hukumar jarrabawa zai zo gwaji na ƙarshe. Idan aka sake samun haka, za a cire sunan cibiyar daga jerin bana.

A bakin cibiyar ta tarar da mutum biyu. Ɗaya kakkaura ne, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, waya biyu a hannu. Shi ne Alhaji Dabo, shugaban ƙungiyar, mai manyan motoci da ke jigilar hatsi zuwa Kano. Ɗayan dogo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, tarin makullai na rataye a wuyansa da igiya. Shi ne Malam Iliyasu, tsohon malamin lissafi da aka ba wa kula da cibiyar bayan ya yi ritaya.

Ta durƙusa ta gaishe su. Alhaji ya amsa yana leƙen bayanta, ko akwai wani da ke tafe.

"Ke ce injiniyar?"

"Ni ce, Alhaji."

"To, madalla. Maza biyu sun zo mana daga Kano. Na farko ya ce janareta ne, muka canza janareta. Na biyu ya ce wayoyi ne, muka tone wayoyi kamar masu haƙar rogo. Ke kuma me za ki ce mu canza? Ginin?"

"Bari dai in gani tukuna, Alhaji," ta faɗa, idonta a ƙasa.

Malam Iliyasu ne ya kai ta ɗan ɗakin da ke ƙarshen zauren. Ciki da sanyi, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani. A jikin bango babbar kwamfutar take, wadda ake kira saba, ita ce sauran ɗari da ashirin ɗin ke karɓar tambayoyi daga wajenta. Gefe akwai tebur da kujerar katako. Ƙarƙashin teburin an jera silifas shuɗi da buta, a goge tas. Juwairiyya ta kai hannu za ta jawo kujerar, sai Malam ya yi sauri ya fita ya ɗauko mata ta roba.

"Wannan ta fi daɗin zama, Malama," ya ce.

Ta zauna a ta robar.

Ta bi abin daki-daki yadda ta saba. Ta duba wuta, ba ta rawa. Ta duba akwatin da wayoyin ke haɗuwa, kowace fitila kore. Ta aika saƙon gwaji daga kwamfutar da ta fi nisa a zauren, ya je ya dawo kafin ƙiftawar ido, wato hanya ba ta da laifi. Daga nan ita da Malam suka bi layi suna kunna kwamfutoci har arba'in, suka shiga jarrabawar gwaji. Ta danna tambaya ta biyu tana kallon agogon hannunta. Sai da aka yi daƙiƙa hamsin kafin ta bayyana.

Ta koma ɗan ɗakin ta tsuguna gaban sabar. Akwai wata ƙaramar fitila da ke nuna lokacin da faifan ajiya ke aiki. A ƙa'ida ƙyaftawa take yi, ta huta, ta sake ƙyaftawa. Wannan a kunne take ɗungurungum. Ta sa aka kashe kwamfutocin arba'in ɗin, fitilar ba ta sauya ba. Babu mai neman komai a wajen sabar, amma tana ta aiki kamar jakin da aka manta ba a sauke wa kaya ba.

Saba irin wannan, ko da yake akwati ɗaya ce a ido, ana raba cikinta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta, a yanka masa rabonsa na memori, wato ƙwaƙwalwar aiki, da ƙarfin inji. Juwairiyya ta shiga ɗakin jarrabawa da kalmar sirrin da aka manna a bango. Memorinsa gigabait takwas. Na rajista huɗu. A jikin akwatin kuwa takardar kamfani ta ce talatin da biyu.

"Malam," ta ce, "akwai ɗaki na uku a cikin sabar nan?"

Ya gyara igiyar makullansa.

"Ina buƙatar kalmar sirri ta babbar ƙofa, wadda ake ganin dukkan ɗakunan da ita."

"Mutanen Kano ma sun tambaya."

"An ba su?"

"Na ce musu wanda ya haɗa abin ba ya nan."

Ba ta iya matsa wa babba ba, ko a gida ma ita ce wadda ake mantawa tana ɗaki. Ta kalli silifas ɗin nan da butar, ta kalli kujerar da babu ƙura ko ɗigo a kanta, sannan ta ce a hankali, "Baba, takalman nan na wane ne?"

Malam Iliyasu ya jingina da bango ya zame ya zauna a ƙasa, ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

"Na Munzali ne. Ɗalibina ne tun yana aji ɗaya, ɗan Fagam. Shi ya haɗa duk abin da kike gani a nan, da hannunsa. Wata biyar ke nan, ranar wata Juma'a, ya leƙo ya ce da ni, Malam, na bar wani aiki nawa yana tafiya a ciki, kada a bari kowa ya taɓa har ya gama, Litinin zan dawo. Asabar ya hau babur zai je duba mahaifiyarsa. Bai isa ba."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin." Ya shafa gemunsa. "Ya bar mata, Mairo, da 'yarsu Kausar, da ciki. Kin san ba a raba gado da ciki a tsaye, sai an haihu an ga abin da Allah ya kawo. Babur ɗin da ya lalace yana nan a zauren gidansu ba a taɓa ba. Akwatin kayansa a kulle. To abin da ya bari a cikin injin nan fa? Ban san mene ne ba, amma nasa ya ce. In nasa ne, na marayu ne. Ɗaya daga mutanen Kanon ya gaya mini shi in ya shiga sharewa zai yi gaba ɗaya ya sake zubi. Ni kuwa in tsaya a gabana a share kayan marayu?"

Juwairiyya ta ce, "Ba zan share komai ba sai ka gani da idonka ka yarda. Amma Baba, in ban shiga ba, yau za a rufe wurin nan. Kuma shi ya haɗa shi."

Ya kalle ta, karon farko sosai. Sannan ya ce, "Akwatin mamaci ba a buɗe shi mutum ɗaya. Kira mini Alhaji."

Alhaji Dabo ya shigo yana sharce gumi, aka mayar masa da bayani. Ya riƙe haɓa.

"Iliyasu, wata biyar. Na canza janareta kana tsaye kana taya ni addu'a."

"Addu'ar ai ba ta ɓaci ba. Janaretan ma ya tsufa."

"Tun muna makarantar allo haka kake, sai a yi ta neman abu kana zaune a kansa."

Amma bai ƙara ba. Shi da kansa ya nemo lambar Hambali, yayan marigayin, ya sa wayar a bayyane kowa na ji. Hambali yana gona, ana jin iska na kaɗawa. Da ya gama saurare ya ce, "Malam ai uba ne a wajen Munzali. Ku buɗe, in dai yana wurin."

Malam Iliyasu ya zaɓi wani ƙaramin makulli ya buɗe aljihun teburin, ya fito da littafin rubutu mai shuɗin bango. A shafi na farko, da rubutu ƙanana masu tsabta, kalmomin sirrin suke a jere.

Ɗaki na uku yana nan, Munzali ya sa masa sunansa. Ya ba shi rabin memorin sabar da mafi yawan ƙarfin injin, domin lokacin hutu ne, babu jarrabawa, kuma kwana uku kawai ya yi niyya. Juwairiyya ta shiga ciki, dattawan biyu na tsaye a bayanta. Ba ta sha wahalar gano aikin ba. Bidiyo ne guda goma sha huɗu, manya-manya, an sa inji ya rage musu nauyi ɗaya bayan ɗaya. Sunan jakar da ake zuba waɗanda aka gama: Sunan Kausar, na wayar Inna.

Ta karanta musu da ƙaramar murya.

"Inna Azumi ke nan, mahaifiyarsa," in ji Malam. "Ba ta zo sunan ba, ƙafa ta hana ta. Ta yi ta yi masa mita shekara guda."

Takwas na farko sun kammala tun ranar Juma'ar nan. Na tara ne ya zo da lahani, wataƙila tun daga wajen mai ɗauka. Inji ya kan kai tsakiyarsa ya tuntsure, sai ya koma farko, domin haka Munzali ya tsara, kada ɗaukewar wuta ta katse masa aiki. Kowane yunƙuri kuma yana barin guntun da bai kammala ba. Wata biyar ana haka ba dare ba rana, har guntayen suka kusa cika faifan ajiyar da dukkan ɗakunan ke amfani da shi.

"Shi ke nan?" Alhaji ya tambaya. "To ai da sauƙi. Mota in ta kasa hawa tudu kaya muke saukewa. Kashe shi, 'yata, mu huta."

Gaskiyar Alhaji ce, kuma ta sani. Ta juya wajen Malam ta ce, "In na kashe ɗakin yanzu babu abin da zai ɓace, Baba. Komai zai zauna yadda yake."

Malam ya gyaɗa kai. Bai yi musu ba. Ya dai ce, kamar da kansa yake magana, "Har ya gama, ya ce."

Juwairiyya ta duba agogo, sha biyu saura kwata. Ta duba tsawon lokacin da takwas na farkon suka ci, ta yi lissafi a gefen takarda. In ta tsallake na taran, biyar ne suka rage, awa ɗaya da rabi. Kwashe komai zuwa faifan da ta zo da shi, kusan awa ɗaya. Share guntaye da mayar da memori, rabin awa. Zai kai su ƙarfe uku, in babu abin da ya gitta.

"Alhaji," ta ce, "ina so a bar shi ya gama."

"A bar shi? Mutumin nan ƙarfe huɗu da rabi zai zo. In wani abu ya sake tuntsurewa fa?"

"In ƙarfe biyu ta yi bai gama ba, ni da kaina zan kashe. Lokacin zai ishe ni."

"Kin tabbata?"

"Na lissafa."

Malam Iliyasu ya miƙo hannu, ta ba shi takardar. Ya nisanta ta da idonsa ya bi layukan da yatsa, yadda ya yi wa dubban takardu a rayuwarsa.

"Lissafin daidai ne, Dabo."

Alhaji ya kalli wannan ya kalli wancan, ya saki rigarsa daga kafaɗa ya sake naɗe ta. "Malamin lissafi da injiniya sun haɗa kai, ni direba me zan ce? Ƙarfe biyu. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba." Ya fita yana kiran wani a waya a kawo abinci.

Ta cire na taran daga layi ta ajiye shi gefe yadda yake, ta saki sauran. Na goma ya fara tafiya, wani ɗan layi kore yana tsawo a hankali. Malam ya jawo tabarma ya zauna yana kallonsa. Da aka kira Azahar ya tafi masallaci, ita kuma matar mai gadi ta kai ta ɗakinta ta yi salla, ta ci shinkafa da wake kaɗan. Ko da ta dawo ta tarar har ya riga ta, yana zaune a inda yake.

"Saura ɗaya," ya ce mata.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar na ƙarshen ya cika. Allon ya nuna an gama. A jikin sabar, fitilar nan ta ƙyafta, ta huta, ta sake ƙyaftawa.

Ta jona faifanta ta fara kwashewa: bidiyon na asali, waɗanda aka rage, wasu hotuna, da wata jaka ta takardun karatunsa da ba ta buɗe ba. Da ta zo kan guntayen, Malam ya ɗaga hannu.

"Waɗannan fa? Ba a cikin kayansa suke ba?"

"Ƙaiƙayi ne, Baba. Hatsin yana cikin faifan nan. Waɗannan duk rabin abu ɗaya ne, sau dubbai, kuma ba wanda zai buɗu."

Duk da haka sai da aka sake kiran Hambali ya ce a share, Alhaji ya shaida, sannan ta share.

Saura abu ɗaya. Ba ta yarda da kwafin da ba ta gwada ba. Ta ce musu za ta buɗe ɗaya na ɗan lokaci, don ta tabbata yana aiki. Ta danna na farko. Tsakar gida ce cike da mata, tukwane a kan murhu, hoton na ɗan rawa. Sai wata muryar saurayi, kusa da na'urar, tana dariya: "Inna, ga tuwon da kika ce ba za su iya ba. Ki duba da kyau."

Ta rufe da sauri. Da ta waiga, Malam Iliyasu ya juya musu baya yana gyara labulen tagar da ba ta buƙatar gyara. Alhaji Dabo ya ciro hankici ya share fuskarsa gaba ɗaya, ya ce zafin bana ya yi yawa.

"Baba, in kashe?" ta tambaya.

"Kashe, 'yata."

Ta kashe ɗakin, ta mayar wa na jarrabawa da memorinsa da ƙarfinsa, ta sake tayar da shi. Ta rubuta a takarda abin da ke cikin faifan, Malam da Alhaji suka sa hannu, aka naɗe shi da takardar aka sa a ambulan.

"Wannan sai ranar rabo," in ji Malam. "Amma na wayar Inna Azumi, zan tambayi Liman ko ya halatta a kai mata tun yanzu. Ni dai a ganina kallo ba ya rage komai."

Bayan La'asar ɗalibai suka fara shigowa, waɗanda aka tara daga makarantun gari da na ƙauyuka don gwajin, 'yan mata a layukan dama, samari a hagu. Jami'in hukumar ya iso da ƙaramar mota, mutum ne marar yawan magana, da agogon gwaji a hannu. Ya tsaya a tsakiyar zauren ya ce kowa ya shiga lokaci guda.

Juwairiyya tana ɗan ɗakin, idonta a kan layukan da ke nuna nauyin da sabar ke ɗauka. Suka yi tsalle sama lokacin da yara ɗari da ashirin suka danna tare. Sannan suka sauko, suka daidaita ƙasa da rabi. Daga zauren ba a jin komai sai ƙarar maɓallai. Ta leƙa ta ƙofa. Malam Iliyasu yana tafiya tsakanin layuka, hannuwansa a baya, yana duba ko akwai wanda ya ɗaga hannu. Wata yarinya ce kawai ta ɗaga, ita ma tambaya take ko an yarda ta koma ta gyara amsar da ta wuce.

Da minti arba'in suka cika, jami'in ya rubuta wani abu a fom ɗinsa, ya miƙa wa Alhaji biro ya sa hannu.

"Ranar sha biyu ga wata za a turo muku rukunin farko," ya ce. "Ƙarfe bakwai na safe. Kada a makara da buɗe ƙofa."

"Ƙarfe shida za ka same ni a nan," in ji Malam Iliyasu.